Yadda Ake Haɗa Asusun Al'umma Don Sauƙaƙa Wa Masu Nakasa Shiga Wurare

Sau da yawa za ka ga an gina hanyar gangare a bakin makaranta ko asibiti, an shafa mata fenti, an ɗauki hoto ranar buɗewa, amma babu mai keken guragu ko ɗaya da zai iya hawanta shi kaɗai. Ko dai ta miƙe tsaye da yawa, ko an shimfiɗa mata tayil mai santsi, ko kuma in an sha wuya an kai sama a tarar ƙofar ba ta cin keke. Kuɗin jama'a ne aka tara da kyakkyawar niyya, kuma sun tafi ke nan. Abin da ke jawo haka kusan kullum ɗaya ne: an fara da tara kuɗi, an bar tambaya da awo a baya. Shi ya sa a wannan tsari sai an yi nisa kafin a zo maganar karɓar gudummawa.

Aikin kuma ba na mutum biyu ko uku ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3 ne ke rayuwa da nakasa mai tsanani, wato kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya, kusan mutum ɗaya cikin shida. Idan a unguwarku ba ku ganin su da wannan yawa, galibi suna cikin gida ne saboda hanyar fitowa ta gagara.

Mataki na farko: a kafa kwamiti, masu abin su zauna a gaba

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada ku zauna ku masu gani da ji da ƙafa ku yanke abin da makaho ko kurma ko gurgu yake buƙata. Ku nemi mutum bakwai zuwa tara, aƙalla rabinsu masu nakasa ne, kuma nakasar ta bambanta: mai keke, mai sanda, makaho, kurma, da uwa ko uban yaro mai lalurar ƙwaƙwalwa, domin irin wannan yaro shi aka fi mantawa da shi a kowane taro. A sa mata a ciki, kuma ba don cika gurbi ba. Matsalar banɗaki da ta ɗakin haihuwa, alal misali, ba za ta taso daga bakin namiji ba.

Wannan ba ra'ayina kaɗai ba ne. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙoƙin Masu Nakasa, wadda aka amince da ita a watan Disamba na 2006 ta kuma fara aiki a watan Mayu na 2008, ta wajabta wa gwamnatoci tuntuɓar masu nakasa ta hannun ƙungiyoyinsu a duk abin da ya shafe su, kuma sashe na 9 nata kacokan a kan samun damar shiga gine-gine da sufuri da bayanai yake. Idan akwai ƙungiyar masu nakasa a yankinku, ku fara zuwa wurinta kafin ku kafa taku. Wataƙila sun daɗe da jerin abubuwan da kuke shirin ɓata wata guda kuna nema.

Sauran kujerun a ba wanda ya san gini, da wanda ya iya lissafi, da mutum ɗaya da jama'a ke jin maganarsa. Sannan ku duba wurin taron kanku. Kwamitin da ke zama a bene mara lif ya kori rabin mambobinsa tun kafin a buɗe taro. Idan akwai kurma, a samo masa tafintan maganar hannu, a kuma saka kuɗin tafintan da kuɗin motar mambobi a cikin lissafi tun yanzu, domin mai keke yakan biya fiye da kowa kafin ya iso.

Mataki na biyu: a zagaya a gano cikas

Ku zaɓi wuraren da kowa ke zuwa: makaranta, asibiti, wurin ibada, kasuwa, tashar mota, wurin ɗiban ruwa, ofishin hukuma. Ku je tare da mambobinku masu nakasa, da tef na awo, da littafi, da waya mai ɗaukar hoto. Ku nemi izinin mai wurin tukuna, ku kuma gaya masa ba neman laifi kuka zo yi ba.

Kada ku fara daga bakin ƙofa. Ku fara daga titi, ku bi tafiyar mutum gaba ɗaya: ya sauka daga mota, ya tsallake kwata, ya shiga ƙofar harabar, ya bi fili, ya hau baranda, ya shiga ɗaki, ya yi abin da ya kawo shi, ya shiga banɗaki, ya fito. Wuri ɗaya kacal ya katse, sauran duk sun tashi a banza. Buɗaɗɗiyar kwata a bakin titi tana iya hana makaho da mai keke amfani da ginin da aka kashe maƙudan kuɗi wajen gyara cikinsa.

Ku bar mai nakasar ya gwada da kansa, ku kuma riƙe hannunku daga taimakonsa sai ya nema. Duk inda ya tsaya, a rubuta, a auna, a ɗauki hoto. Akwai cikas da tef ba ya aunawa, su ma a rubuta: asibitin da ake kiran suna da baki kawai, kurma ya wuni a layi an wuce shi, sanarwar da aka liƙa a bango da ƙananan haruffa, ma'aikacin da ke yi wa ɗan rakiya magana ya ƙyale mai buƙatar.

Idan kuna son sanin yawan mutanen da aikin zai amfana, kada ku bi gida-gida kuna tambayar ko akwai nakasasshe, domin da yawa za su ce babu. Akwai gajerun tambayoyi shida na Rukunin Washington, wani rukunin masana ƙididdigar nakasa, da ake amfani da su a ƙidayar ƙasashe da dama. Suna tambaya ne ko mutum na shan wahala wajen gani, ji, tafiya ko hawa matakala, tunawa ko tattara hankali, kula da kansa kamar wanka da sa kaya, da kuma fahimtar magana ko fahimtar da wasu. Tsohuwar da ba za ta taɓa kiran kanta mai nakasa ba za ta amsa cewa hawa matakala yana ba ta wuya.

Mataki na uku: a zaɓi aiki ɗaya

Jerin zai yi tsawo, kuma zai ba ku tsoro. Ku raba shi uku. Akwai abin da ba ya cin ko sisi: mayar da ajin yaro mai keke ƙasa, kawar da bencin da ya tare hanya, hana ajiye babura a bakin gangare, ɗaga lamba a takarda lokacin da ake kiran layi. Waɗannan a yi su a makon nan. Akwai abin da ƙarfin al'umma zai iya: gangare, faɗaɗa ƙofa, ƙarfen dafawa, murfin kwata, banɗaki ɗaya. Akwai kuma abin da yake haƙƙin gwamnati ne ko mai ginin, kamar lif ko gyaran titi.

Kashi na uku wasiƙa yake buƙata, ba gidauniya ba. Ƙasashe da yawa suna da dokar da ta tilasta gyara gine-ginen jama'a: Amurka ta yi tata a 1990, Indiya a 2016, Najeriya kuma aka sa wa tata hannu a watan Janairu na 2019 tare da wa'adin shekara biyar na gyara gine-gine. Ku nemi ta ƙasarku ku karanta, ku ambaci sashen da ya dace a cikin wasiƙar. A ganina kuskure ne talakawa su tara kuɗi su yi wa banki ko babban kamfani gangare, alhali doka ta ɗora masa yin hakan.

Daga kashi na biyu ku ɗauki aiki ɗaya tak, wanda za a iya gamawa cikin wata biyu ko uku, mutane kuma su gan shi da idonsu. Masu nakasar kwamitin su ne za su zaɓa. Kada ku yi mamaki idan suka tsallake gangare suka ce banɗaki. Yarinyar da ba ta iya shiga banɗakin makaranta ko dai ta daina shan ruwa tun safe, ko ta daina zuwa.

Mataki na huɗu: awo da ƙiyasi

Nan ne ake cin nasara ko a yi asara, don haka zan ɗan daɗe.

Ƙa'idar gangare da aka fi bi a duniya ita ce 1 cikin 12. Ma'ana, duk tsayin santimita 1 da za a hau yana buƙatar tsawon santimita 12 a kwance. A ce baranda tana da matakala uku, kowace santimita 15. Tsayin ya zama santimita 45. A ninka sau 12, ya ba da santimita 540, wato mita 5.4. Magini zai ce maka wannan ya yi tsawo, mita biyu ma ta isa. Ba ta isa ba. Gangaren mita biyu a wannan tsayi yana iya kifar da keke ta baya wajen hawa, wajen sauka kuma ya ƙwace wa mai shi. Shi 1 cikin 12 ɗin ma iyaka ce ta ƙarshe. In akwai fili, 1 cikin 15 ko 1 cikin 20 ya fi sauƙi, musamman ga tsofaffi da yara. Idan filin gaba bai kai ba, a kwantar da gangaren a jikin bango, ko a lanƙwasa shi gida biyu da wurin hutawa a tsakiya.

Faɗinsa kada ya gaza santimita 90 tsakanin ƙarafan dafawa, 120 ya fi. A sama da ƙasa a bar fili shimfiɗaɗɗe mai tsawon santimita 150, domin mai keke ba zai iya tsayawa a kan gangare ya saki taya ya buɗe ƙofa ba. Idan gangaren ya kai mita 9, a sa wurin hutawa kafin a ci gaba. A gefe da gefe a ɗaga ɗan baki kamar santimita 10 don kada taya ko sanda ta zame waje. Saman kuma a bar simintin da kaushi, a ja shi da tsintsiya tun yana ɗanye. Tayil mai sheƙi yana da kyau a hoto, amma ranar da aka yi ruwa tarko ne.

Ƙarfen dafawa a sa shi ɓangarori biyu, domin wanda shanyewar ɓarin jiki ta kama hannu ɗaya yake da shi, kuma hannun da ya hau da shi yana komawa ɗaya gefen wajen sauka. Tsayinsa kusan santimita 90 daga ƙasa, in makaranta ce a ƙara na biyu a wajen santimita 70. Kaurinsa ya zama wanda hannu zai iya zagayewa, santimita 3 zuwa 5, ya kuma zarce ƙarshen gangaren da santimita 30. Kada a rushe matakalar don an yi gangare. Wasu masu sanda da masu ƙafar roba sun fi samun sauƙin matakala mai abin dafawa.

Ƙofa in an buɗe ta, sararin da ya rage tsakanin ganyenta da ginshiƙi shi ake aunawa, ba faɗin ramin bango ba. Kada ya gaza santimita 80, a nemi 90. Dokin ƙofa kada ya ɗaga fiye da santimita ɗaya da ɗan abu. Mariƙin da ake dannawa ƙasa ya fi wanda ake murɗawa, domin ko da gwiwar hannu ana buɗe shi.

Banɗaki yana buƙatar fili a ciki da keke zai juya, da'ira mai faɗin santimita 150. Ƙofarsa ta buɗe waje, saboda idan mutum ya faɗi a ciki jikinsa zai tokare ƙofar da ke buɗewa ciki, a rasa yadda za a kai gare shi. Mazaunin ya kai tsayin santimita 43 zuwa 48, daidai da kujerar keke, a bar sarari a gefe ɗaya da zai matso da keken ya zame ya koma kai. Ƙarafan riƙewa a kafa su cikin bango sosai, su ɗauki nauyin babban mutum. Inda masai na tsuguno ne, ana iya gina mazauni a kansa ko a ƙera kujera mai rami.

Ga makafi da masu raunin gani, abubuwa masu arha suna aiki sosai: fenti mai haske a bakin kowace matakala, isasshen haske a lungu, cire duk abin da ya leƙo daga bango daidai kai wanda sanda ba ta taɓawa, da rubutun makafi a jikin ƙofofi. Akwai kuma daɓe mai tudu-tudu da ƙafa da sanda ke ji, wanda wani ɗan Japan mai suna Seiichi Miyake ya ƙirƙiro a 1965, aka fara shimfiɗa shi a birnin Okayama a 1967. Iri biyu ne: mai dogayen layuka yana cewa bi nan, mai ɗigo-ɗigo yana cewa tsaya, akwai haɗari. In za a sa, a sa daidai. Wanda aka shimfiɗa don ado ya kai makaho jikin turken wuta gara babu shi.

Waɗannan alƙaluma su ne aka fi yarda da su, amma idan ƙasarku tana da kundin ƙa'idar gini, nata ne a gaba.

Da zarar an gama awo, a zana a takarda, a rubuta kowane adadi a jiki, a kai wa magina uku daban-daban su ba da ƙiyasi a rubuce, kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban. A kan jimillar a ƙara kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari saboda tashin farashi da abin da ba a zata ba, a kuma ware wani abu na gyara nan gaba. Wani abin lura: in kun ji ana shirin sabon gini a yankinku, ku garzaya tun ana zane. Rahoton Duniya kan Nakasa na 2011, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka fitar, ya nuna cewa in aka saka waɗannan abubuwa tun daga tushe, ƙarin kuɗin kusan kashi 1 ne cikin ɗari. Fasa bango daga baya shi ke da tsada.

Mataki na biyar: a gyara ma'ajiya kafin kuɗi su zo

Kada a karɓi ko ƙwandala sai an amsa tambayar inda za ta kwana. A buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, masu sa hannu uku, kuɗi ba sa fita sai biyu sun sa, kuma aƙalla ɗaya daga cikin ukun mai nakasa ne. Idan banki ya nemi takardar rajista kuma ba ku da ita tukuna, ku jingina da wata ƙungiya mai rajista da aka yarda da ita, da yarjejeniya a rubuce. Asusun mutum ɗaya, komai amanarsa, kada a yi amfani da shi. Ba zargi ba ne. Mutum yana rashin lafiya, yana tafiya, yana mutuwa, magada kuma ba su san wane kuɗi ne na wa ba.

Ma'aji daban, mai rubuta shiga da fita daban. Duk wanda ya bayar a ba shi rasit mai lamba. A rubuta dokoki a shafi ɗaya: abin da za a kashe kuɗin a kai, abin da ba za a kashe su a kai ba, da yadda za a yi da ragowa ko kuma idan kuɗin ba su kai ba. A kuma yanke tun yanzu cewa asusun ba na rance ba ne, ba kuma na taimakon gaggawa ba, domin ranar da aka ji akwai kuɗi za a zo da buƙatu na gaske masu ban tausayi, kuma in babu doka a rubuce ba wanda zai iya cewa a'a.

Mataki na shida: tara kuɗin

Ku fara da aljihunku. Kowane ɗan kwamiti ya sa abin da zai iya, komai ƙanƙantarsa, sannan a fita. Abin da za ku riƙa nunawa takarda ce guda: hoton wurin, zanen abin da za a yi, jimillar kuɗi, ranar gamawa, lambar asusu. Mutum ya fi sakin hannu idan aka ce masa ana neman buhun siminti kaza don gangaren makaranta kaza, fiye da a ce masa a taimaka wa nakasassu.

Ba kuɗi kaɗai ake karɓa ba. Mai sayar da kayan gini zai fi son ba da siminti ko rodi, mai tifa ya kawo yashi, mai walda ya yafe kuɗin aikinsa, matasa su yi haƙa da kwaɓa. A rubuta kowanne da ƙimarsa a littafi kamar kuɗi, domin zai yi amfani a mataki na gaba. Sai ƙaramin karo-karo na wata-wata daga mutane da yawa, wanda ya fi babbar kyautar mutum ɗaya ɗorewa. Sai wuraren ibada, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na ma'aikata, tsofaffin ɗaliban makarantar, da 'yan yankin da ke zaune a wasu ƙasashe.

Idan za ku ƙaddamar da gidauniya a taro, ku riƙe abu biyu. Kuɗin haya da abinci kada su cinye abin da za a samu. Sannan alƙawarin da aka yi a lasifika ba kuɗi ba ne sai ya shiga asusu; kada a ɗauki magini a kansa. Ranar 3 ga Disamba, Ranar Masu Nakasa ta Duniya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 1992, lokaci ne mai kyau na irin wannan taro domin kafafen yaɗa labarai suna neman abin da za su ɗauka.

A intanet, saƙon WhatsApp ko Facebook mai hoto da lambar asusun ƙungiya yakan wadatar. Dandalin tara gudummawa na GoFundMe ba a kowace ƙasa ake iya buɗe gidauniya a kansa ba, GlobalGiving kuma ƙungiyoyi masu rajista yake karɓa bayan tantancewa, kuma irin waɗannan dandali suna cire wani kaso. Duk sanarwar da kuka fitar, ku rubuta bayaninta da haruffa ma, kada ku tura hoto kawai, domin manhajojin da ke karanta wa makafi allo, irin su TalkBack da VoiceOver da NVDA, rubutu suke karantawa. Bidiyo kuma a sa masa rubutu a ƙasa saboda kurame.

Akwai abin da nake ganin bai kamata a yi sassauci a kansa ba. Kada a ɗauki hoton yaro yana jan jiki a ƙasa a yaɗa don a motsa zuciyar masu bayarwa. Kuɗi za su shigo, gaskiya ne, amma hoton zai bi yaron har girmansa. A ɗauki hoton matakalar, ita ce matsalar. In mutum zai fito, da yardarsa, a kuma bar shi ya yi magana da bakinsa.

Mataki na bakwai: tallafin waje, in ana buƙata

Aikin farko ya fi kyau a gama shi da ƙarfin gida. Bayan nan kuna da abin nunawa. Gidauniyar Abilis ta ƙasar Finland, da aka kafa a 1998, tana ba da ƙananan tallafi ga ayyukan da masu nakasa da kansu ke jagoranta a ƙasashe masu tasowa. Disability Rights Fund, tun 2008, tana tallafa wa ƙungiyoyin masu nakasa, amma ta fi karkata ga fafutukar haƙƙi da dokoki, kuma a zaɓaɓɓun ƙasashe. Ofisoshin jakadancin Japan suna da shirin tallafa wa ƙananan ayyukan al'umma kamar ginin ajujuwa da ɗakunan shan magani. Kulob-kulob na agaji irin su Rotary da Lions ma ana iya tuntuɓar reshensu mafi kusa. Kowannensu yana da sharuɗɗa da lokacin nema, a karanta a shafinsu kafin a ɓata lokaci.

Takardar nema ta amsa tambayoyi a sarari: mene ne cikas ɗin, su wa ya hana, me za a yi, nawa ne, nawa al'umma ta riga ta sa, wa zai kula da shi bayan an gama. Nan ne littafin da kuka rubuta yashi da ƙwadago zai yi muku rana. Duk wanda ya ce ku biya kuɗi kafin a sakar muku tallafi, ɗan damfara ne.

Wata magana a gefe, kan rabon kekuna

Kusan duk asusun irin wannan, wata rana wani zai kawo shawarar a sayi kekunan guragu a raba. Buƙatar gaskiya ce: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 80 ne ke buƙatar keke, kuma rahoton da ta fitar da UNICEF a 2022 ya ce kusan mutum biliyan ɗaya ba su samun kayan taimakon da suke buƙata. Amma keke ba a raba shi kamar buhu. Sai ma'aikacin da ya koyi aikin ya auna mutum, ya zaɓa masa wanda ya dace da jikinsa da irin ƙasar da yake bi, ya daidaita masa, ya koya masa amfani da shi, a kuma riƙa bibiya. Wanda ya samu rauni a laka kuma ba ya jin ƙasan jikinsa, in aka ɗora shi a keke mara matashin da ya dace, gyambon zama zai iya kama shi, kuma wannan gyambo yana kisa. Haka na'urar ƙara ji: ba gwajin kunne, ba batir, aljihun tebur za ta koma. In za ku shiga wannan fage, ku biya kuɗin ta hannun cibiyar da ke da ƙwararru, ku kuma koya wa mai gyaran keke na kusa yadda ake gyara su.

Mataki na takwas: ranar aiki

A rubuta yarjejeniya da magini, zanen a manne a jiki. A biya shi kashi uku: kafin alƙalami, tsakiyar aiki, da cikon da ba zai fita ba sai an gwada. Kayan aiki kwamiti ya saya da kansa in zai yiwu.

Lokacin da ya fi kowane muhimmanci shi ne bayan an kafa katako da igiya, kafin a zuba kankare. A wannan ranar ɗan kwamiti ya zo da tef ya sake auna tsayi da tsawo da faɗi. Gyara a lokacin cire ƙusa ne kawai. Washegari kuwa sai da guduma. Bayan an zuba, a riƙa jiƙa shi da ruwa aƙalla mako guda, a hana hawa.

Gwajin ƙarshe na masu amfani da wurin ne. Mai keke ya hau ya sauka shi kaɗai, ya buɗe ƙofa, ya shiga banɗaki ya rufe ya juya. Makaho ya bi da sandarsa daga titi. A zuba bokitin ruwa a ga ko yana kwanciya a ƙasan gangaren. Sai sun ce ya yi, sannan a biya cikon.

Mataki na tara: bayani da kulawa

Cikin mako biyu da gamawa, a fitar da lissafi: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage, da hoton wurin kafin aiki da bayansa. A liƙa a bango, a tura a waya, a kuma karanta da baki a taro. Wanda ya nemi a ɓoye sunansa a rubuta adadinsa ba suna. A samu mutum biyu da ba 'yan kwamiti ba su duba rasit su sa hannu.

Sannan a miƙa wurin ga mai shi da takarda, a ambaci sunan wanda zai kula. Abubuwan da ke kashe irin wannan aiki ƙanana ne: a kulle banɗakin a mai da shi sito, mabuɗin yana hannun wanda ba ya nan, mai talla ya kafa tebur a kan gangare, ƙarfen dafawa ya girgiɗe ba a ɗaure ba. Ku sa ranar komawa duba wurin bayan wata uku, sannan bayan wata shida, ku tafi da littafin nan na zagayen farko. A ziyarar ku tambayi shugaban wurin ko akwai masu zuwa yanzu da da ba sa zuwa, ku rubuta adadinsu, domin da wannan adadi da lissafin da kuka liƙa za ku buɗe neman kuɗin aiki na biyu a jerinku.